Ɗaga tsohuwar Subaru wagon domin shiga daji: abin da nake rubutawa mako-mako

Asabar, 6 ga Janairu 2024

Yau janwe ta sauke motar a ƙofar gareji. Subaru Leone ce wagon, ƙirar 1988, wadda ake kira L-Series a Turai da Ostareliya, a Amurka kuma GL, daga baya Loyale. Injinta EA82 ne mai kafireto, lita 1.8, silinda huɗu a kwance, biyu dama biyu hagu. Abin da ya sa na yi wata da watanni ina neman wannan ƙirar shi ne giyabos ɗinta. Giya biyar ce ta hannu, sannan ga wani ɗan sanda a gefe mai matsayi uku: jan ƙafafun gaba kaɗai, jan ƙafa huɗu, da jan ƙafa huɗu a ƙaramar giya. Ga ta ba nauyi, ga fili a baya da mutum zai shimfiɗa katifa ya kwana.

Kafin in taɓa komai na ɗauko tef na kwanta a ƙarƙashinta. Daga ƙasa zuwa gindin aksul na baya santimita 19. Na rubuta lambar da alli a bango. Tayoyin da ke kanta 175/70R13 ne, tsayinsu bai kai santimita 58 ba.

Niyyata in ɗaga ta inci 4, wato kusan santimita 10, in sa mata taya mai tsayin inci 27. Kuɗin da na ware na kasa su kashi 100, da haka zan riƙa lissafi. Sayen motar da jawo ta sun ci kashi 35.

Asabar, 13 ga Janairu

Ƙanena ya so mu fara yankan ƙarfe yau. Na ce masa motar da ba ta da lafiya a ƙasa ba za ta warke a sama ba. Injin muka fara bi.

EA82 bel biyu ne ke juya kam ɗinsa, wato sandunan da ke buɗe bawul, kowane ɓari da nasa, kuma duka biyun sun tsattsage. Ɗaura su yana da ƙa'ida: a daidaita layin tsakiya cikin layuka uku da ke jikin filawil, a sa bel na hagu, a juya injin zagaye ɗaya cif, sannan a sa na dama. Wanda ya ɗaura su a tashi ɗaya ba tare da wannan juyin ba zai kwana yana murza makulli. Mun canza famfon ruwa tunda an riga an buɗe wurin, da baƙin mai, da fulogi. Ta tashi a bugu na biyu, alhamdulillah. Akwai ɗan ƙas-ƙas daga saman injin, wanda wannan injin ya yi suna a kansa, amma ya lafa da ta yi zafi. Kashi 8.

Laraba, 17 ga Janairu

Na feshe duk wani noti na ƙarƙashi da man sassauta tsatsa. Zan maimaita gobe da jibi.

Asabar, 20 ga Janairu

Ranar awo da zane. A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, ni ma sai da na zana a kwali kafin abin ya zauna mini. Wannan motar ba ta da shasi daban kamar a-kori-kura. Bodin ne shasin. Injin, giyabos, sitiyari da ƙafafu duk a jikin wasu gadoji na ƙarfe suke, gadojin kuma an ɗaure su da bodi. Saboda haka ɗagawar ita ce a cusa tubalan ƙarfe tsakanin bodi da waɗannan gadoji, bodi ya yi sama, kayan aiki su zauna inda suke. Idan mutum ya sa tubali a kan shokazoba kawai ya bar gadar injin a manne da bodi, motar za ta tashi, amma shaf ɗin da ke kai ƙarfi zuwa taya zai karkace fiye da yadda aka ƙera shi, kuma ba zai yi ƙarko ba.

Ma'anar wannan ita ce tubalan ba za su ƙara ko yatsa ɗaya a kan 19 ɗin da ke bango ba. Aikinsu su buɗe wa babbar taya wuri. Tayar ce ke nisanta cikin mota da dutse.

Na ƙirga wuraren da ke son tubali: kan shokazoba biyu na gaba, gadar injin, farantan da ke riƙe sandunan ƙafar gaba tare da gadar giyabos, mariƙin tsakiyar farfela, bututun da ƙafafun baya ke lilo a jikinsa, ƙarfen da ke rataye aksul na baya, da shokazoba biyu na baya. Na sayo bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, kaurin bango milimita 6, da dogayen kusoshi masu lambar ƙarfi 10.9 a ka. Mai sayarwa ya miƙo mini wasu marasa lamba a rabin kuɗi, na mayar masa. Araha ba ta ado, balle a kusar da ke riƙe da injin. Kashi 7.

Asabar, 27 ga Janairu

Yau na sha wuya. Mun ɗora motar a kan jakuna huɗu masu ƙafa, muka fara kwance gefen gaba. Komai na tafiya daidai har muka zo kusa ta biyu a farantin hagu. Na sa dogon hannu na danna, sai na ji ƙal, kusar ta fara juyawa ba nauyi. Notin da aka yi wa walda a cikin ramin bodi ne ya ɓalle, ga shi a wurin da hannu ba ya shiga. Kusar ba ta fita, ba ta ɗauruwa.

Na yi awa biyu ina dabara. Na soka ƙarfe a ƙarƙashin kan kusar ina ɓanɓara ina murzawa, ko notin zai ciji bango, bai ciji ba. Daga ƙarshe na ɗage kafet ta wajen ƙafar direba, na auna inda notin yake, na huda ƙasan motar da zarton da'ira, rami daidai shigar soket. Da na haska tocila sai ga notin ya yi jawur, tsatsa ta cinye waldar ta bar ɗan guntu kamar ƙwayar gero. Ƙanena ya riƙe shi ta sama, na kwance ta ƙasa. Mai walda zai dasa sabon noti, ramin kuma zan rufe shi da faranti mai kusoshi, don wata rana zan so komawa wurin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsatsar da tocila ta nuna a cikin ramin. Daga waje fenti lafiya lau. Zan bi sauran ramukan da waya da man hana tsatsa kafin a rufe komai.

Lahadi, 28 ga Janairu

Kankare tsatsa da shafa jan fenti. Ba wani abu.

Asabar, 3 ga Fabrairu

Tubalan sun dawo daga wurin mai walda, aiki tsaf, kowanne da bututu a ciki inda kusa za ta bi don kada ɗauri ya lotsa shi. Mun sa na gadar injin da na giyabos, muna sauke injin sannu a hankali da jak, ina leƙa kowace waya da tiyo. Da aka sauka inci 2 tiyon lagireto na sama ya miƙe kamar tsirkiya. Lagireto a jikin bodi yake, injin kuwa ya yi ƙasa, don haka duka tiyo biyun sai an nemo masu tsayi. Haka wayar as ta batir (wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota), da tiyon hita, da sandar da ke hana injin gyaɗa kai. Fankar da ke jikin famfon ruwa ta daina fuskantar lagireto, na cire ta, zan sa ta lantarki ta biyu. Wayar kuloci da ta totur sun kai, amma sai da na canza musu hanya.

Da yamma muka sa tubalan shokazoba, muka sauke motar a kan tsofaffin tayoyinta don mu gani. Ƙanena ya ja da baya ya ce, "Yaya, zo ka duba ƙafafun nan." Saman tayoyin gaba ya buɗe waje, ƙasansu ya shige ciki, kamar mai gwame a juye. Ko ba a auna ba ido ya gani.

Laifin zanena ne. Mazaunin shokazoba a bodi a karkace yake, samansa ya jingina ciki. Ni kuma na zana tubalin a miƙe, huji na sama daidai kan na ƙasa. Sai ya zamana gadar injin ta sauka tsaye, kan shokazoba kuwa ya sauka yana fita waje, ya tura saman taya da shi. Dole farantin ƙasa na tubalin ya goce zuwa ciki, yadda kan shokazoba zai sauka a tsaye shi ma.

Talata, 6 ga Fabrairu

Na koma wurin mai walda da tubalan biyu da zanen. Ya juya su a hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da ka zana na yi maka." Na ce haka ne, Malam, ba ni da ta cewa. Wannan karon mun rataya zare mai nauyi daga hujin bodi, muka ga inda ya faɗi a inci 4, muka yanka bututun a kan wannan karkatar. Dama da hagu kishiyoyin juna ne, na buga musu alama da ƙusa don kada a musanya. Ƙarfe da aikin walda, har da wannan maimaicin, kashi 11. Da na rataya zaren tun farko da kashi 3 sun tsira.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Sabbin tubalan sun zauna, ƙafafu sun miƙe. Sai sitiyari. Akwatin sitiyari yana jikin gadar injin, ya sauka da ita, don haka mahaɗin da ke tsakaninsa da sandar sitiyari ya gaza. A wannan ban yarda da walda baki-da-baki ba. An yanka mahaɗin, an zura ƙarfe a ciki, an sa hannun riga na bututu mai kauri a waje, an huda an cike da walda ta gefe, sannan aka zagaye bakunan. Na ɗaga gaban motar na murza sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe ya fi sau ashirin ina saurare. A wuri ɗaya yana gogar bakin ramin da yake bi, na faɗaɗa ramin da guduma da zarto.

Tiyon birki na gaba ya kai da ƙyar idan ƙafa ta rataya, kuma da ƙyar ba ta isa a birki ba, na sa masu tsayi. Birkin hannu na wannan motar a ƙafafun gaba yake kamawa, saɓanin yawancin motoci, saboda haka wayoyinsa ma sai da na sake musu mariƙi.

Lahadi, 11 ga Fabrairu

Baya ya fi sauƙi. Tubalai shida, ƙarin tsayi a shokazoba, saukar da mariƙin farfela. Mun fitar da iska daga birki. Sandunan giya sun nutse cikin ƙasan mota, an ƙara musu tsayi.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Tayoyi. Matsalar tsofaffin Subaru ita ce hujin wilinsu: huɗu ne a da'irar milimita 140, awon da kusan ba mai amfani da shi, kuma wilin inci 13 ba a samun tayar daji mai tsayi a kansa. Hanya biyu aka sani. Ko dai a sake huda hob, wato inda ake ɗaure wili, ya koma huji shida a 139.7, a sa wilin Hilux da ire-irenta, ko a nemo wilin Peugeot 504 ko 505 mai huji huɗu, domin su ma 140 ne. Na zaɓi ta biyu don ba na son huda abin da ke riƙe taya. Na samu biyar na ƙarfe, inci 14. Mazaunin notinsu ba irin na Subaru ba ne, sai da na nemo notin da ya zauna daram a hujin kuma zarensa ya dace, M12 da 1.25. Wannan ba wurin a-yi-maneji ba ne.

Na sa 27x8.50R14 guda biyar iri ɗaya. A tef sun ba ni santimita 67. Su da wili kashi 21, shi ne kashe mafi girma bayan sayen motar. Na sake kwanciya da tef: gindin aksul 24 saura kaɗan. Na rubuta a ƙarƙashin 19. Mako shida na aiki, santimita 5. Wanda bai taɓa jin dutse ya daki cikin motarsa ba zai raina wannan lamba.

Idan an karya sitiyari duka, tayar gaba tana cin bayan madigadi. Na yanke yatsa biyu, na lanƙwasa haɓar ƙarfen da ke ciki da guduma, na shafe da fenti. Safaya kuma, wadda a wannan motar a kan injin take zama ƙarƙashin boneti, ta daina shiga wurinta. Tana kwance a but tukuna.

Laraba, 21 ga Fabrairu

An yi alaimen. Gwajin farko a kwalta. Tayar ta fi ta asali da kusan kashi 16 cikin 100, saboda haka idan allura ta nuna 80, waya na nuna 93. Ƙarfi ma ya ragu daidai haka: aksul mai 3.9, wato farfela ta juya sau 3.9 kafin taya ta juya sau ɗaya, ya koma kamar 3.35, giya ta biyar ta zama ta shimfiɗaɗɗiyar hanya kawai, ko ɗan tudu sai na dawo ta huɗu. A kwana tana jingina fiye da da, birki kuma yana son a fara taka shi da wuri. Na karɓi wannan, dama na san da shi.

Asabar, 24 ga Fabrairu

Fita daji ta farko, da motar abokina a baya da igiyar ja. Na rage iskar taya zuwa PSI 20. A yashi ta ba ni mamaki, tana yawo a sama inda mai nauyi ke tona rami. Ƙaramar giyarta sau 1.59 kawai take rage gudu, ta tsohuwar Hilux kuwa sau 2.28, don haka ba ta iya rarrafe a hankali kan duwatsu, tana son a ɗan ba ta wuta. Kuloci ya yi wari sau ɗaya a wani hawa.

Abubuwa uku suka lalace. Na farko, a gangaren wani kwazazzabo bututun salansa ya daki dutse a inda rassansa biyu suke haɗewa, ya lotsa, yanzu tana huci ta nan. Na biyu, a hawa mai tsayi kafireto ya cika da mai, injin ya shaƙe ya mutu, sai da na dawo da baya a kan birki zuciyata na dukan uku-uku. Na uku ya faru a hanyar dawowa: na hau kwalta ban cire jan ƙafa huɗu ba. Wannan giyabos ba shi da abin da ke raba gudu tsakanin gaba da baya, a ƙasa mai santsi taya ce ke zamewa ta sauke tsaurin, a kwalta kuwa ba inda zai tafi. Da na zo kwana sai motar ta riƙa turjewa, sandan ya ƙi motsi ko da hannu biyu. Na saka ribas na ja baya a miƙe kamar taku goma, ƙafa biyu a kan ƙasa, sannan ya saki da ƙara. Zan liƙa ɗan jan kyalle a sandan.

Lahadi, 25 ga Fabrairu

Wanki, da bin kowace kusa da sifana mai awon ɗauri. Biyu a gadar giyabos sun ɗan saki. Na diga musu fenti don in gane idan sun sake motsi.

Asabar, 2 ga Maris

Tun Laraba nake jin ƙat-ƙat-ƙat daga gaban dama idan na karya kwana. Na leƙa na tarar giris ya fantsama a jikin salansa, robar shaf ta ciki ta yage. Na tsorata, na zaci lissafin tubalan ne ya sake cin amanata. Na sa ma'aunin kusurwa a shaf ɗin hagu da na dama, na gwada da abin da na rubuta ranar 20 ga Janairu kafin a ɗaga: bambancin bai kai digiri biyu ba. Hankalina ya kwanta. Robar ce ta tsufa, ga ta a saman bututu mai zafi, ga yashi ya samu ƙofa. Ƙarar kuma daga mahaɗin waje take, shi ma robarsa ta tsage ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa.

Cire shaf a wannan motar sai da haƙuri. Notin tsakiya 36 ne, bayansa akwai wani wosha mai siffar mazurari da ke mannewa, sai an ɗan buga gefensa ya saki. Ta ciki kuma wani siririn fil ne ya ratsa shaf ɗin, ana fitar da shi da ƙarfen bugu daidai kaurinsa, kuma hujin ta fuska ɗaya kawai yake haɗuwa idan an zo mayarwa. Na ƙirga haƙoran ciki kafin in saya, 23 ne. Na masu injin turbo 25 ne, ba sa shiga. Na samo tsofaffin shaf biyu na asali, na wanke, na cika da giris, na sa sabbin robobi. Ɗaya a mota, ɗaya a but tare da soket 36 da ƙarfen bugun. Kashi 5.

Asabar, 9 ga Maris

An yanke inda salansa ya lotsa an yi masa sabon guntu, an ɗan matsar da shi sama. Mun yanka farantin ƙarfe mai kaurin milimita 4 ya rufe daga bamba zuwa bayan kaskon baƙin mai, an ɗaure shi a gadar injin, da huji daidai wurin juye mai. Ya ci santimita ɗaya daga tsayin gaba, ya ƙara nauyin da nake ji a sitiyari, amma kaskon nan shi ne abu na farko da dutse zai gaisa da shi. Na buɗe kafireto, na tarar abin da ke yawo a kan mai yana tsayawa sama da ƙa'ida, na saukar da shi, na canza allurarsa. Kashi 6.

Jimla kashi 93, saura 7. Ƙugiyoyin ja na gaba da baya ne a gaba, don waɗanda ta zo da su na ɗaure mota a kan tirela ne, ban amince a fizge ta da su daga laka ba. Bayansu sai mariƙin safaya a ƙofar baya, idan kuɗin sun kai. In ba su kai ba za ta ci gaba da kwana a but da ɗamara biyu. Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan koma hawan da injin ya mutu, da tanki rabi, iskar taya 18, in ga ko gyaran kafireton ya yi.